Yadda Ɗangoggo Ya Buɗe Takalmi

Jini bai taɓa ɗaga wa Yusra hankali ba. Ta yi shekarunta a Zariya tana karatun likitan dabbobi, ta zura hannu har kafaɗa a cikin saniya, ta tsaga tumbi ta leƙa, sannan ta wanke hannu ta ci shinkafarta da wake ko a jikinta. Abu ɗaya ne tun tana ƙarama ba ta iya haɗa ido da shi, wato ƙafar mutane. In wani ya zare takalmi a mota, sai ta riƙe numfashi har idonta ya kawo ruwa. In ta je gidan biki ta tarar da silifa zube a bakin ƙofa, kowanne da shatin yatsun mai shi baƙi ƙirin, sai ta ɗaga kai sama ta tsallake. Ko tata ƙafar ba sonta take yi ba. Doguwa ce, mai faɗi, lamba arba'in da ɗaya, shi ya sa duk abayarta sai ta sa tela ya bar ta tana jan ƙasa.

Da hidimar ƙasa ta kawo ta Abuja, sai aka tura ta wata mayanka da ke kan hanyar Karshi, ta kama ɗaki a Jikwoyi. Aikin ya yi mata. Da sassafe ta shiga cikin shanu ta duba idonsu da bakinsu da tafiyarsu, in an yanka kuma ta duba hanta da huhu. Abin da bai yi mata ba yana rataye a bayan ƙofar ofis: wani baƙin takalmin roba dogo, wanda ma'aikata ke kira takalmin gwamnati. Duk wanda zai shiga wurin yanka shi yake zurawa, daga mai duba nama har mai wanke kwata, har direban da ke kwasar ƙashi. Cikinsa bai taɓa bushewa ba. Ranar farko da aka miƙo mata shi da ɗuminsa, ta buɗe baki za ta ce a'a, kunya ta hana ta, ta sa.

Ba a jima ba tsakanin yatsunta ya soma ƙaiƙayi. Fatar ta yi fari, ta jiƙe, ta soma saɓulewa. Cin ruwa ne, na wani ne kuma ta ɗauko, wannan tunanin ya fi ciwon kansa damunta.

Dokta Kure, shugaban sashen, dattijo mai furfura da ba ya ɓoye magana, shi ya lura tana ɗingishi.

"Dokta ƙarama, zo nan. Wancan ƙazamin kike sawa har yanzu?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin ga Precious, 'yar hidimar ƙasar da ta riga ki zuwa nan? Bijimi ya taka ta a cikin wannan robar, sai da farce ya fita. Ba zan sake kai 'yar mutane asibiti ba. Ranar Litinin ki zo da naki takalmin, na fata, mai ƙarfe a baki. In ba haka ba in mayar da takardarki, su tura ki firamare ki koya wa yara shuka wake a gwangwani."

Yusra ba ta son firamare. Shanun take so. Saboda haka ranar Asabar ta shirya ta nufi kasuwar Karu, da niyya ɗaya a ranta: takalmin da zai daɗe, wanda ba zai ci ƙafa ba, wanda kuma ƙafar wani mahaluki ba ta taɓa shiga cikinsa ba.

Ummanta ta riga ta gaya mata ta waya inda za ta. "Ki je wurin Ɗangoggo. Ɗan'uwana ne, ba zai cuce ki ba." Amma Yusra ta san Ɗangoggo da baki, in ya yi raɗa sai layi uku sun ji, don haka ta fara zagaya wasu rumfunan tukuna ko za ta dace.

An yi ruwa da safe, kasuwar ta caɓe. A layin 'yan gwanjo takalma ne tsibi-tsibi a kan buhu, wani warin dila da tsamin tsohon gumi na tashi daga cikinsu. Masu su suna ta kiranta. "Hajiya, zo ki ga na Turawa! Wannan sai jikanki ya gada!" Ta ɗaga wani da yatsa biyu ta leƙa. Gaskiya fata ce mai kyau, ɗinki ne ba gam ba, irin wanda ta karanta a waya cewa shi ake nema. Amma a ciki ga kwancin dunduniyar wani, ga ramukan yatsunsa biyar reras, har da wani jan gashi maƙale a harshen takalmin. Mai rumfar ya karɓe shi, ya tofa masa yawu a baki, ya goge da gefen rigarsa, ya miƙo mata yana murmushi.

"Kin ga ƙyalli?"

Ta ce za ta dawo. Ba ta dawo ba.

A layin sababbi kuma wata masifar ce. Ta lanƙwasa wani, gindin ya buɗe baki kamar kifi. Wani ta danna bakinsa da babban yatsa, ƙarfen da aka ce akwai ya lotsa, ashe kwali ne. Waɗanda suka yi dama-dama kuwa an jera su a fili, kowa ya zo ya zura ƙafa ya cire. A gabanta wani ɗan acaɓa ya zare silifa, ya sosa tsakanin yatsunsa da makullin babur, ya zura ƙafar a wani takalmi, ya ce ya yi masa tsada, ya tafi. Mai shagon ya mayar da shi kan kanta, ya juyo gare ta. "Anti, ga naki sayis ɗin nan daidai."

Haka ta ja ƙafa ta nufi rumfar Ɗangoggo.

Ɗan guntun mutum ne, mai ɗan tumbi da hula zanna da ta ji jiki. Tun daga nesa ya hango ta.

"Wa nake gani? Yusra ta Hajiya Mashkura! Likitan shanu! Kingsley, fito ka ga 'yata, ita ce ke yi wa bijimi allura ya ce na gode."

Kingsley, maƙwabcinsa mai sayar da bel da jakunkuna, ya leƙo yana dariya. "Sannu, Dokta. Oga Ɗangoggo yana maganarka kullum."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi Zariya gida-gida, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta da murya ƙasa-ƙasa.

"Sefti, mai ƙarfe a baki? Kin zo gidansa. Lamba nawa?"

Ta faɗa yadda shi kaɗai zai ji.

"Arba'in da ɗaya!" Ya tafa hannu. "Kingsley, ka ji? Ƙafar kakanta ce ta ɗauko, Allah Ya jiƙansa. Shi in ya taka yashi sai yara su ce raƙumi ya wuce."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma da ya hau kan benci ya jawo wani kwali daga can saman kanta, ya hure ƙurar, ya yage ledar da aka liƙe shi da ita a gaban idonta, sai ta manta da kunyar. Takalmi ne ruwan ƙasa, dogo har saman idon sawu, cike da takardar da aka cusa masa tun daga masana'anta. Ta karɓa ta shinshina a ɓoye. Ƙamshin sabuwar fata kawai. Ta lanƙwasa gindin, bai yi ko gezau ba. Ɗinki ne layi biyu. Harshen a haɗe yake da gefe, ruwa ba shi da hanyar shiga. Ta ƙwanƙwasa bakin, ƙarfe ya amsa.

"Shi kaɗai ya rage a lambarki," in ji Ɗangoggo. "Na maza ne, amma ai ke ma..." Ya yi dariya bai ƙarasa ba. "Gwada."

Ta juya musu baya ta zauna a kan benci, ta ja abaya ta rufe. Da safa ƙafar ta ƙi shiga, don ta naɗe yatsun da auduga saboda ciwon. Sai ta ce a ranta, ai nawa ne, babu mai sa shi bayana. Ta zare safar da audugar a ƙarƙashin abaya, ta zura ƙafar haka nan, dama da hagu. Tsawon ya yi daidai. Amma gadon ƙafar ya matse ta, gefen ƙaramin yatsa kuma kamar an sa awartaki.

"Ya ɗan kama ni, Kawu."

"Haka sabon sefti yake, sai an buɗe shi. In kika sa shi haka Litinin, kafin azahar kin yi bororo. Bar min shi. Je ki yi salla, ki ci abinci, kafin ki dawo na buɗe miki shi. Aikina ne."

Yusra ta taɓa ganin wani katako mai siffar ƙafa da ake cusa wa takalmi a murɗa shi har ya saki. Shi ta ɗauka yake nufi. Ta mayar da audugarta da safarta, ta yi godiya, ta tafi tana jin ranta wasai, karo na farko tun safe. Ta yi salla a bayan shagon wata mai ɗinki, ta sayi masa da miya ta ci, har ta ƙara da zoɓo mai sanyi.

Da ta dawo, Ɗangoggo ba ya nan. Kwalin na kan benci a buɗe, babu komai ciki sai takarda. A ƙasa kuma ga silifansa, ɗaya a kife, ɗaya na kallon sama da shatin ƙafarsa kamar an zana da gawayi.

"Ya tafi masallaci," in ji Kingsley. "Yana buɗe takalminka. Zauna, yanzu zai zo."

Ba ta gane ba, ko kuma dai ba ta so ta gane. Sai ga Ɗangoggo ya ɓullo daga kwanar masu tumatir. Ya tattare wando har gwiwa, ga siraran ƙwaurinsa, ga takalminta a ƙafarsa. Ba tafiya yake yi kawai ba. Yana taku da ƙarfi kamar soja, ya tsaya ya yi ɗage, ya tsuguna ya miƙe, ya bi ta tsakiyar caɓi da gangan yana gaisawa da mutane.

Yusra ta ƙura wa takalman ido.

"Dokta! Kin dawo? Ai ya buɗe, ya buɗe sarai." Ya zauna a kan benci yana haki, ya kama na dama ya ja. Takalmin ya fita da wani irin sauti, kamar an zare hannu daga kwaɓin fulawa. Ƙafar da ta fito babu safa. Tana ta maiƙo. Dunduniyar ta yi faso kamar gonar da ta shekara ba ruwa, farcen babban yatsa ya yi kauri ya koma ruwan goro, ga wani baƙin abu na tsatsafowa daga tsakanin yatsun. Wani ɗumi mai tsami ya taso ya same ta a fuska.

"Sirrin ke nan," ya ce, yana sosa dunduniyar da farce. "In ka yi alwala kada ka goge ƙafa. Ka shafa man kaɗanya, ka zura da lemarta, ka yi ta yawo. Gumi ke buɗe fata, 'yata, ba inji ba. Masu katako ɓata takalmi suke yi. Ni ba kowa nake yi wa ba, sai nawa. Kingsley, na taɓa yi maka?"

"Bai taɓa ba," in ji Kingsley. "Ni ya ce ƙafata ba 'yan'uwa ba ne."

"Na hagun ne ya so ya yi taurin kai," Ɗangoggo ya ci gaba, yana zare shi. "Sai na ba Rilwanu mai kifi a bakin masallaci ya ɗan taya ni. Shi ƙafarsa faɗi gare ta, ga wani ƙullutu a gefe. Zagaye ɗaya ya yi da shi, ya saki. Ki sa masa albarka."

Ya jera su a gabanta. Bakin takalman na kallonta, a jiƙe, suna sheƙi.

"Sa mu gani, tun da ɗuminsa. Da ɗumi ya fi kama siffar ƙafa."

Yusra ta kawar da kai daga kansu. Sai ta ji wata ƙaramar murya ta fito, ashe tata ce.

"Kawu, ba zan iya sawa ba."

"Ya matse har yanzu?"

"A'a. Kawu... ƙafa ta shiga."

Ya dube ta, ya dubi Kingsley, ya dubi ƙafarsa. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali.

"Au. Ƙyamata kike yi?"

"Ba haka ba ne, Kawu."

"Haka ne mana. Ke da kike wuni cikin kashin shanu, ƙafar da ta yi alwala ce ta zama najasa? Ni da na ɗauke ki kina tsumma, kika yi min fitsari a babbar riga ranar sallah, na ce albarka ce?" Ya laluba aljihu ya zaro waya. "Bari in kira Hajiya ta ji abin da boko ya mayar da ke."

Kafin ta ce wani abu ya riga ya danna, ya kuma buɗe lasifika. Mai sayar da agogo na gaba ya matso. Wata mata da ke taya bel ta fasa tafiya.

Muryar Umma ta fito tana amsa sallama, da ƙarar tukunya a bayanta. Ɗangoggo ya zayyana mata komai, har da alwalar da man kaɗanyar.

"Yusra, kina ji na?" in ji Umma. "Mutum ya bar rumfarsa ya yi miki wahala, abin da za ki saka masa da shi ke nan? Ɗauki takalminki ki ce kin gode. Kada ki sa a ce ban yi miki tarbiyya ba."

Idanu sun yi mata yawa. Ta san in ta yi magana ba wanda zai fahimta. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a gaban mutane. Ta zauna a bakin benci, ta ɗage abayar, ta cire takalminta, ta zare safar, ta warware audugar. Ta buɗa yatsun da hannu.

Fatar ta yi fari fat, ta tsattsage, jan nama na leƙowa, ga ruwa-ruwa haɗe da farin maganin da ta shafa. Matar nan mai taya bel ta ce "Tir!" ta ja da baya.

"A takalmin wani na ɗauko shi, Kawu," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Shi ya sa nake neman wanda ba a taɓa sawa ba."

Ɗangoggo ya sunkuyo ya duba, ya yamutsa fuska. Har ya buɗe baki zai ce sannu, sai wani tunani ya tsayar da shi.

"Tsaya. Ɗazu da kika gwada, da safa ko?"

Ta dubi ƙasa.

"Yusra. Da safa kika gwada?"

"Ya ƙi shiga da safa."

"Wannan ƙafar? Haka tsirararta? Duka biyun?"

Ta gyaɗa kai.

"Innalillahi!" Ya yi tsalle ya miƙe kamar ya taka garwashi. "Ana ɗauka? Dokta, ana ɗauka ko?"

"Ana ɗauka. In akwai lema ya fi saurin kamawa."

"Lema! Kingsley, buta! Miƙo buta, ka tsaya kana washe baki! Akwai omo? Wani ya kira Rilwanu ya ce ya wanke ƙafa!"

Kingsley ya riƙe ciki, dariya ta hana shi miƙewa. "Oga, ai ƙafar 'yan'uwa ne! Babu komai, jini ɗaya!"

"Rufe min baki, ɗan banza!"

Ya tsuguna a bakin kwata yana dirzar tsakanin yatsunsa da omo da wani guntun buhu, yana tofar da yawu, yana ta "a'uzubillahi". Baƙin ruwa mai kumfa na gangarowa ta ƙarƙashin bencin, har sai da Yusra ta ɗage ƙafa. Daga kan benci wayar na ta magana ita kaɗai. "Me ya faru? Ɗangoggo? Wa ya faɗi?"

Yusra ta naɗe yatsunta, ta mayar da safa. Da ya ɗan lafa, ta ce a hankali, "Kawu, ko za a samo wani a kwali? Ko zuwa gobe ne."

"Na gaya miki shi kaɗai ne. Sabon kaya sai wata ya kama." Ko kallonta bai yi ba. Ya sa tsinken tsintsiya ya turo takalman wajenta. "Kwashe abinki. Wa zan sayar wa takalmi mai cuta? Kada ma ki sa min shi a kwali, kwalin ina so."

Ta nemi leda a wurin Kingsley, ta sa hannu a ciki ta kama igiyoyin. Ta durƙusa ta ce ta gode, kamar yadda Umma ta ce. A cikin Keke Napep har Jikwoyi, hannunta na waje, takalman na lilo a iska.

Ranar Lahadi ba ta yi wani aiki ba sai su. Ta zare shimfiɗar ciki ta jefar, ta sayo sabuwa. Ta wanke cikin da ruwan ɗumi da gishiri, ta bi da maganin da suke wanke wuƙaƙe da shi a wurin aiki, ta shanya su a kan tankin ruwan gidan har rana ta faɗi. Sau biyu tana zuwa ta shinshina, sau biyu tana komawa ta sake wankewa.

Litinin da safe ta zauna a bakin katifa ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta sa safa biyu, ta rufe ido, ta zura.

Suka shige sumul. Babu inda ya matse, babu inda ya yi sako-sako. Ta miƙe ta taka, kamar don ita aka yanka fatar. Sai dai a na hagu, ta gefen babban yatsa, fatar ta kumburo waje ta bar wani ɗan gurbi wanda ƙafarta ba ta cika ba, daidai girman ƙullutun Rilwanu mai kifi, mutumin da ko fuskarsa ba ta sani ba. Duk taku sai ta ji wurin.

A bakin shingen shanu Dokta Kure ya tsaya ya dubi ƙafarta, ya sa sandarsa ya ƙwanƙwasa bakin takalmin.

"Yawwa. Wannan shi ne takalmi. Sabo ne bai ci ki ba? Kin yi sa'a. Da daɗi?"

"Da daɗi," ta ce.

Ta dunƙule yatsun ƙafar hagu don kada su taɓa gurbin, ta tura ƙyauren ta shiga cikin shanun.